Ƙyallen da Ke Akwatin Mama

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Zafin yau ba a magana. Alhazai sun fara gangarowa Madina daga Makka, shagon dabino ya cika maƙil tun hantsi, bakina har ya bushe da "ajwa ce, Hajiya, ɗanɗana ki ji." Wata tsohuwa 'yar Gusau ta ɗanɗana duk abin da ke shagon, sannan ta ce za ta je ta yi shawara. Allah ya kai ta lafiya.

Anjima akwai zaman Alhamis a gidan Ammi Balarabe, mai shagonmu, can unguwar Ƙurban. Shayi, shinkafa, hira, wani lokacin ɗan karatu. Zakiru direba ya ce yau ni ne malamin. Tun da aka zaɓi sabon Fafaroma watan jiya suke bina da tambaya: mene ne farin hayaƙin nan, wa ya ba shi sarautar, daga ina abin ya faro. To, wa za su tambaya in ba ni ba? Duk Hausawan unguwar nan ni kaɗai na taɓa zaman seminari, saura ƙiris in zama Fada kafin in musulunta. Kuma ina jin daɗi idan sun zuba mini ido suna saurare. Wannan ba zan ɓoye wa takarda ba.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Jiya na yi rawar gani, in ji su.

Na fara daga Bitrus. Na ce 'yan Katolika sun ce Almasihu ya ba Bitrus mabuɗai, Bitrus ya mutu a Roma ya bar wa Linus kujera, Linus ya bar wa Kiletus, Kiletus ya bar wa Kilamen, haka har kan na yau. Da na ce kamar isnadi ne a wurinsu, wane daga wane, sai kowa ya gyara zama, don wannan yaren sun san shi.

Jerin nan ba a littafi na fara haddace shi ba. Babanmu katikis ne, shi ke jan addu'a a cocin ƙauyenmu bayan Malumfashi in Fada bai zo ba, kuma daga jerin ya raɗa mana suna: yayana Linus, sai Kiletus da ya rasu yana goye, sai ni Kilamen. Wannan ban gaya musu ba.

Sai na shiga rigingimu. Yadda wani bishop na Roma ya so ya yanke ikilisiyoyin Asiya saboda saɓanin ranar Ista, suka ce masa ba su san zancen ba, su ma daga manzanni suka gaji tasu. Yadda bishop ɗin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tara 'yan'uwansa suka ƙi bin Roma a kan sake yi wa mutane baftisma, yana cewa ba a naɗa kowa shugaban sauran bishop-bishop ba. Yadda masana da yawa ke ganin a farkon farko taron dattawa ne ma ke riƙe da ikilisiyar Roma, ba mutum guda ba. Duk na karanta su, na ci jarrabawa a kansu.

A ƙarshe na yi wata magana, aka fashe da dariya har Ammi ya ƙware da shayi. Ba sai na rubuta ta ba. Zakiru na riƙe da jawwal ɗinsa, wato wayarsa, yana ɗaukar bidiyo. Na gan shi, har gyara zaman hula na yi.

Lahadi, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Saƙon muryar Yaya Fada ya shigo, kamar kowace Lahadi in ya fito daga addu'ar Mas a coci. Yaya Linus ke nan, shi ya riga ni shiga seminari, shi kuma ya ƙarasa. "Ustaz, ya Madina? Ruwa ya sauka, masara ta fito, akuyar Rahila ta shiga coci ta cinye furannin bagade." Lokacin da na musulunta dangi duk sun juya mini baya, shi ne bai taɓa fasa gaishe ni ba.

A bayansa ina jin Mama: "Kilamen ne? Ka ce masa ƙafar nan ta sake kumbura, in daina gishirin ne ko yaya?" Komai sai an tambayi Kilamen, magani, taki, mafarki. Ta ce ni na fi kowa karatu a gidan, har Fada. Kuma Kilamen ɗin dai. Na roƙe ta, na yi fushi, na aika da zannuwa, ta kira ni Ubaidullah ko sau ɗaya ne, ta ce bakinta ya tsufa da koyon sabon suna. "Wanda na goya Kilamen ne." Mama Tasallah ke nan, ba a juya ta.

Talata, 17 ga Yuni, da safe kafin in fita dawam, wato aiki

Zakiru ya sa bidiyon a waya. Ba duka ba, ya yanke tarihin ya bar ƙarshen, wurin dariyar. Ya ce mutane ba su da haƙurin doguwar magana. Ya nuna mini yadda ake ta yaɗa shi, yana ta murna kamar an yi masa haihuwa.

Na nuna wa matata Zaituna. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ci gaba da yanka albasa. Can ta kira ni da sunan 'yarmu, ta ce, "Abu Sundus, Mama za ta gani?" Na ce Mama ba ta da waya. Ta ce, "Kunne fa?"

Mata da neman abin damuwa.

Alhamis, 19 ga Yuni, azahar

Wani alhaji ɗan Funtuwa ya gane ni a shago. "Kai ne malamin man gyaɗa!" Ya rungume ni, ya kira abokansa aka yi hoto. Na yi murmushi a hoton. Bayan sun tafi na shiga sito na sha ruwa, na daɗe a tsaye ban san me nake jira ba.

Funtuwa da ƙauyenmu ba nisa.

Lahadi, 22 ga Yuni, magariba

Babu saƙo.

Litinin, 23 ga Yuni, bayan la'asar

Saƙon ya zo, amma na Rahila ne, ƙanwata da ke kula da Mama. Ba gaisuwa, ba komai.

Ɗanlami ne. Wanda a da ke jan mawaƙa a cocin Yaya, suka saɓa, ya buɗe tasa a shagon da ake niƙa a da, yana cewa shi Ruhu Mai Tsarki ya naɗa shi, ba ya bukatar hannun wani bishop. Ranar kasuwa ya ɗaura lasifika a kan babur, ya saki muryata daga bakin rumfar mahauta har layin masu mai. Yana saki yana cewa, "Ku ji fa, ba ni na faɗa ba, ƙanin Fada ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi karatun."

Mama na zaune a layin masu mai. Ko da ƙafar nan ba ta fasa zuwa kasuwa, ta ce zaman gida kashe mutum yake.

To bari in rubuta, tunda duk Malumfashi ta ji. Cewa na yi sarkar ta tsinke tun a ƙarni na farko, saboda haka hannun da bishop ke ɗora wa Fada a ka hannu ne kawai, irin nawa da naku, man da ake shafa masa a tafin hannu kuwa da shi da man gyaɗar tuya duk ɗaya, gara ma na tuya ana cin ƙosai da shi.

Man gyaɗa. Da man gyaɗa da ƙuli matar nan ta kai mu makaranta. Kai, Ubaidu! A duk abin da ke duniya ba ka sami abin misali ba sai shi?

Laraba, 25 ga Yuni, lokacin hutun azahar

Rahila ta ce Mama ta buɗe akwati ta fito da ƙyallen.

Zaituna ta tambaye ni wane ƙyalle, na kasa yi mata bayani a tsaye, sai da na zauna. Ranar da ake naɗa Fada, bishop zai ɗora masa hannu a ka, ya shafa masa mai a tafin hannu biyu, sai a goge man da farin ƙyalle. Ƙyallen nan uwarsa ake ba. Ta adana shi har ranar da ta mutu, a naɗe mata hannuwa da shi a binne ta. Suna cewa in Ubangiji ya tambaye ta me ta kawo, sai ta miƙa ƙyallen ta ce ta ba da ɗanta.

Ranar naɗin Yaya ina seminari, ina cikin masu hidima a bagade, teburin ibada na gaban coci. Ni aka ba ƙyallen a faranti, ni na sauko da shi na durƙusa gaban Mama. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta kai hanci, ta yi ta kuka ba sauti. Tun ranar yana ƙasan akwatinta cikin leda, ƙarƙashin zanen da ta ce a rufe ta da shi. Ko da ɓarayin shanu suka shigo ƙauye aka gudu daji, shi ta ɗaura a ƙugu ta bar kuɗin adashe.

Yanzu ta kai wa Yaya har gidan Fada, ta ajiye masa a kan tebur. Ta ce ya riƙe kayansa tukuna.

Zaituna ba ta ce "na gaya maka" ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi.

Alhamis, 26 ga Yuni, magariba

Ban je zaman ba. Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan la'asar

Rahila ta riƙe wa Mama waya ta yi magana. Na saurara a bayan shago, inda injin sanyaya ɗaki ke ɗiga. Muryarta ba fushi, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

"Kilamen, ina gaisuwa, ina gaida Zaituna da yarinya. Na ji maganarka a kasuwa. Ɗanlami mahaukaci ne, ba na bin tasa. Fada kuma abinsa ne, dole ya kare shi. Amma kai ka karanta nasu ka karanta na can, kuma ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Ka gaya mini, hannun yayanka babu komai a ciki? In babu, kada in je gaban Ubangiji da tsumman goge mai, in ji kunya. Ina jiranka."

Na saurara, na sake, na sake.

In na ce mata akwai, me na ce game da addinina? In na ce babu, na kashe ta tun kafin ciwon ya kashe ta. Na je masallacin Ƙuba na yi nafila, na fito yadda na shiga.

Asabar, 28 ga Yuni, azahar

Ban kira ba.

Lahadi, 29 ga Yuni, bayan asuba

Yau idin Bitrus da Bulus ne a wurinsu. Ranar naɗin Yaya ke nan. Kowace shekara nakan tura masa "Barka da zagayowar rana, Fada," ya amsa da "Na gode, Ustaz, a yi mana addu'a a Madina." Bana da wane baki?

Abin da ke hana ni sakat ba tambayar Mama ba ce kaɗai. Na san abin da na yi a gidan Ammi. Magana biyu ce na cuɗa da gangan. Ɗaya ita ce ko bishop na Roma yana da iko a kan sauran. A kan wannan an yi rigima ta gaske tun farko, har yau Kiristocin gabas ba su yarda ba. Ɗayar ita ce ko aikin bishop da Fada ana karɓarsa hannu da hannu daga magabata. A kan wannan mutanen da na kawo hujja da su ba su yi jayayya ba. Bishop ɗin Kartaj da na yi ta ɗaga sunansa, in akwai wanda ya fi kowa tsanani a kan bin bishop da naɗi ta hanya, shi ne. Da zai tashi ya ga Ɗanlami da lasifikarsa, da shi zai fara korarsa. Na Asiya ma da suka ƙi bin Roma, da jerin magabatansu suka kare kansu.

Na ɗauki rigimarsu ta farko na rataya wa ta biyu, saboda ta farkon ba ta ba da dariya. Tsohon malaminmu na tarihi da ya ga takardar nan da ya ja mata jan biro daga sama har ƙasa.

Ban kira ba.

Talata, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Na tare Zakiru a inda yake ajiye mota kusa da masallacin Ƙiblatain, yana jiran alhazansa su fito. Na ce ya sauke bidiyon.

Ya ce, "Lesh, ya akhi? Don me? Mutane na ƙaruwa."

Na ce akwai kuskure a ciki.

"Kuskure? Kana nufin hannun nasu akwai wani abu?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce to me nake nufi. Na fara yi masa bayanin magana biyun nan, na ga idonsa ya koma kan ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam Ubaidu, ka yi hankali fa. Jini na ja. Kada tausayin gida ya mai da kai inda ka fito."

Nan zuciyata ta tafasa, na ce masa lokacin da na bar uwa da uba da gado saboda kalmar shahada shi yana ina? A cikinta aka haife shi, bai biya ko sisi ba. Ya ciro waya ya goge a gabana, ya ce, "Halas, shi ke nan." Amma ya goge nasa ne kawai. Na babur ɗin Ɗanlami yana nan.

Na ƙara da Zakiru cikin waɗanda zan ba haƙuri.

Laraba, 2 ga Yuli, hantsi

An kawo sabon ruɗab daga gona, ɗanyen dabino mai laushi, ni da Ammi Balarabe muna jerawa a kwali. Shi a nan aka haife shi, kakansa ne ya taho da ƙafa daga Haɗeja, Hausarsa rabi Larabci ce. Bai dube ni ba ya ce, "Ya waladi, ka rame. Zakiru ya gaya mini."

Na ba shi labarin ƙyallen. Ya daina jera dabino. Ya daɗe yana goge hannu a tawul, sannan ya ce, "Ni ma na yi dariya ranar. A gidana, a kan sufurata, shimfiɗar cin abincina." Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce, "Ummi, mahaifiyata, ta rasu ina Yanbu wurin aiki, ina ta cewa gobe zan zo." Ya koma kan kwalinsa.

Da zan tafi ya cika mini kwali guda ya ce in ba wani alhaji ya kai wa Hajiya. Na ce ba Hajiya ba ce. Ya ce ya sani.

Alhamis, 3 ga Yuli, magariba

Rahila ta ce kumburin ƙafar Mama ya hau har gwiwa, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta. Ba ta je kasuwa ba. Ta tambaya ko Kilamen ya aiko.

Ban kira ba. Wallahi na ɗauki wayar.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan la'asar

Yaya ya kira. Ba saƙo ba, kira. Na ga sunansa a waya, na fita bayan shago.

Bai ce Ustaz ba, bai ce Kilamen ba. Ya ce, "Kana jina?"

Na ce, "Ina ji, Yaya. Yaya, ka yi haƙuri, ni..."

"Bar wannan. Mutum goma sha sun koma wurin Ɗanlami, za su dawo ko ba za su dawo ba, wannan aikina ne. Yara na bina a hanya suna Fada mai ƙosai, wannan ma zan iya. Ba don su na kira ba."

Ya ci gaba.

"Likita ya ce zuciyar Mama ce. Ba yau ba, ba gobe ba, amma ba za ta kai wata damina ba. Ƙyallen na kan teburina. Kullum in na zauna cin abinci ina ganinsa."

Na ce masa ba zan iya ce mata na yarda da abin da ban yarda da shi ba. 

Ya ce, "Wa ya ce ka yarda? Na taɓa neman ka yarda? Ni da kai mun zauna gaban malami ɗaya. Ni ma na san rigimar Kartaj, na san ta Ista, na san jerin farkon nan akwai duhu a cikinsa, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ka gaya mata abin da ka karanta. Amma duka, ba rabi ba."

Sai ya ce ana jiransa wurin jana'iza, ya kashe.

Da zagina ya yi da na sami abin riƙewa.

Asabar, 5 ga Yuli, azahar

Ina azumin Ashura. Na gwada ɗaukar saƙo, na goge. Na sake, ya fito kamar lacca, na goge. Zaituna ta ce ba saƙo za ka yi ba, kira za ka yi, Mama ta ji numfashinka. Ta ce gobe in ban kira ba ita za ta kira ta miƙo mini.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Na kira.

Rahila ta kai wa Mama wayar, na ji ana gyara mata matashi. Muka gaisa, ta tambayi zafi, ta tambayi yarinya. Sai ta ce, "To, ina jinka."

Na ce, "Mama, ni Musulmi ne, kin sani. Abin da Allah yake sawa a hannun mutum ko ba ya sawa, ni ba zan ce miki na yarda da na coci ba, in na faɗa na yi miki ƙarya."

Ta ce, "Wannan na sani tun da daɗewa. Ba shi na tambaya ba."

Na ce, "Mutanen farko da na ambata sun yi faɗa, gaskiya ne. Amma a kan wa zai zama babba suka yi, ko na Roma zai ba sauran umarni. Ba wanda a cikinsu ya ce ɗora hannu banza ne. Dukkansu da shi suka naɗa na bayansu, sun riƙe shi da ƙarfi kamar yadda kika riƙe. Yadda aka yi wa Yaya haka suke yi. Wanda ya ɗora masa hannu shi ma an ɗora masa, haka har baya can da nisa. Ni ina wurin, da idona na gani."

"Man fa?"

"Ba man gyaɗa ba ne. Zaitun ne da turare, bishop ke yi masa addu'a sau ɗaya a shekara."

"Da ka san haka lokacin da ka yi maganar?"

Na ce na sani.

"To me ya sa ka faɗa? Malamanku ne suka ce ka faɗa?"

Na ce a'a, ba wanda ya sa ni. Addinina ma bai yarda in yi wa kowa ƙarya ba.

"To mene ne?"

Na ce, "Don a yi dariya ne, Mama."

Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar.

Ta ce, "Don a yi dariya." Ta sake faɗa a hankali, kamar tana ɗanɗanawa. Sannan ta ce, "Da addininka ne ya sa ka, da na haƙura, kamar yadda na haƙura da tafiyarka. Na ce yaron nan Allah yake nema, ko ya ɓata hanya ba da wasa ya ɓata ba. Ashe wannan karon ba Allah kake nema ba."

Sauran ba zan iya rubutawa yau ba.

Talata, 8 ga Yuli, hantsi

Saƙon Yaya, gajere. Mama ta aiki Rahila ta karɓo ƙyallen. Ta buɗe ledar ta shinshina, ta ninke, ta mayar ƙasan akwati. Ta ci tuwo da dare, ta yi barci.

Alhamdu lillahi. Wannan dai ya koma wurinsa.

Ya ce Rahila ta tambaye ta ko a tambayi Madina game da sabon maganin da likita ya rubuta, ta ce a bari, likitan ya isa.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Anjima zan je gidan Ammi. Na ce wa Zakiru ya zo da jawwal ɗinsa, zan faɗi maganar duka yadda take, ya sa ta ko mutum uku ne su kalla. Na san ba mai ɗaura wannan a kan babur.

Bari in ƙarasa ta Lahadi, in ba haka ba ba za ta bar ni ba.

Bayan Mama ta gama na roƙe ta ta yafe mini. Ina kuka kamar yaro, a bayan shagon mutane, wani ɗan Bangaladash mai kwasar kwali yana kallona. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, uwa ba ta riƙe ɗa. Ta ce in gaida Zaituna, in shafa mata kan yarinya. Sai ta yi mini albarka kamar yadda take rufe kowace waya, ba ta rage ko kalma ba, Allah ya tsare, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa a gama lafiya.

Shekara da shekaru ina roƙonta abu guda. Na aika da zannuwa, na yi fushi, na yi lallashi. Ranar Lahadi ta ba ni, ban roƙa ba. Bakinta bai ko yi tuntuɓe ba, ashe ta iya tun tuni.

Ta ce, "Sai an jima, Ubaidullah."